Jaririn da aka haifa hannu ɗaya a sake: yaushe ake jira, yaushe ake tiyata?

Jariri sabon haihuwa ba ya ajiye hannuwansa wuri ɗaya. Ko barci yake yi, ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura ya ware su duka biyun, sannan ya dawo da su ƙirji. To akwai jaririn da in ya zabura hannu ɗaya ne kawai ke tashi. Ɗayan yana nan kwance a gefen jikinsa, gwiwar hannun a miƙe, kafaɗar ta juya ciki, wuyan hannun a lanƙwashe, tafin yana kallon baya. Ka ɗaga shi ka saki, ya faɗi yaraf. Sau da yawa yatsun na motsi, har su damƙe yatsan mahaifiyarsa, shi ya sa wasu iyayen sai an kwana biyu suke lura cewa daga kafaɗa zuwa gwiwa babu abin da ke aiki.

Abin da aka fi faɗa wa iyaye a irin wannan hali shi ne, "Ku kwantar da hankalinku, zai warke da kansa." Maganar da gaskiyarta, don mafi yawan yaran suna warkewa. An daɗe ana rubutawa a littattafan likitanci cewa tara cikin goma ne ke warkewa sarai, sai a 2004 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi suka tace su, suka ga cewa yara 20 zuwa 30 cikin 100 suna tashi da sauran rauni a hannun. Inda gizo ke saƙa shi ne, a makon farko yaron da zai warke cikin sati uku da yaron da jijiyarsa ta tsinke gaba ɗaya kamanninsu ɗaya. Galibi babu idon da zai bambanta su a ranar haihuwa. Lokaci ne ke bambanta su, lokacin kuma yana da iyaka. Saboda haka jira ba laifi ba ne, amma jiran da ba a yanka masa rana ba, ba a kuma aikin komai a cikinsa, shi ke cin hannun yara.

Daga lakar da ke cikin ƙashin wuya ne saiwoyin jijiya guda biyar ke fitowa ta kowane gefe. Ba jijiyoyin jini ba, masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da tsoka. Sukan sauko ta gefen wuya, su haɗu su sarƙe da juna, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya kwanta tsakanin wuya da kafaɗa, su ratsa hammata, sannan su rarrabu cikin hannu. A katin asibiti za a ga an rubuta su C5, C6, C7, C8 da T1, daga sama zuwa ƙasa. Duk motsin da hannu zai yi, da duk abin da fatarsa za ta ji na zafi ko sanyi ko taɓawa, ta nan yake bi. Biyun sama su ke ɗaga kafaɗa, su juya ta waje, su lanƙwasa gwiwa. Ta tsakiya ta fi ƙarfi wajen miƙe gwiwa da ɗaga wuyan hannu. Biyun ƙasa kuwa yatsu ne aikinsu.

Wurin haihuwa, idan kai ya fito amma kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin ƙugun uwa na gaba, tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa sai ta buɗe fiye da kima, jijiyoyin su ja. Na saman su suka fi shan jan, don haka su aka fi samu da rauni. Ana samun wannan a jariri ɗaya zuwa uku cikin kowace haihuwa 1,000. Haɗarin ya fi yawa in jaririn babba ne, musamman wanda ya haura kilo 4, ko uwar na da ciwon suga, ko yunƙuri ya yi tsawo, ko an sa ƙarfe ko na'urar zuƙo an janyo kan, ko jaririn ya zo ta ɗuwawu.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce laifin wa. Gaskiya ne jan kan jariri da ƙarfi zuwa ƙasa lokacin da kafaɗa ta maƙale yana ƙara haɗari, haka ma danna saman cikin uwa da nufin taimaka mata. Amma kusan rabin yaran da aka samu da wannan rauni ba a rubuta cewa kafaɗarsu ta maƙale ba, kuma jefi-jefi akan same shi har ga jaririn da aka ciro ta tiyata. Ƙarfin naƙudar kanta yana iya jan jijiyar. Ba kowane karo ne za a ɗora wa ungozoma ba ke nan. Uwa kuwa babu yadda za a yi ya zama laifinta, kuma ya kamata wani ya faɗa mata haka ƙarara, don da yawa sukan riƙe abin a rai shekara da shekaru.

Raunin ba iri ɗaya ba ne

A ɗauki jijiya kamar wayar lantarki, siraran zare a ciki masu ɗaukar saƙo, roba a waje ta lulluɓe su. Mafi sauƙin rauni shi ne a ja wayar ba tare da komai ya tsinke ba. Saƙo kan ɗauke na ɗan lokaci, cikin kwanaki ko 'yan makonni ya dawo, hannun ya koma kamar ba a yi ba. Na biye da shi, zaren ciki ya tsinke amma robar na nan. A nan zaren kan sake tsirowa ya bi ramin da ya saba bi har ya isa tsokarsa, sai dai abin na watanni ne. Na uku, waya da roba duk sun rabu biyu. Zaren zai yi ƙoƙarin tsirowa, amma ba hanya, sai ya cukurkuɗe da tabo ya zama ƙulli. Kaɗan ne ke tsallakewa, waɗanda suka tsallaken ma wasu sukan ɓace hanya su shiga tsokar da ba tasu ba. Mafi muni shi ne a tumɓuke saiwar daga jikin lakar. Wannan ba ta tsirowa, ba a kuma iya mayar da ita a ɗinke. Abin da ya ƙara rikita lissafi, yaro ɗaya yana iya samun iri daban-daban a saiwoyinsa: ɗaya ta ja kawai, ɗaya ta tsinke, ɗaya ta tumɓuke.

In raunin ya tsaya a biyun sama, shi ne hoton da aka kwatanta a farko, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ana kiran sa da sunan Wilhelm Erb, likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1874, ko da yake Guillaume Duchenne na Faransa ya riga shi da shekara biyu. In ya haɗa da ta tsakiya, wuyan hannun ma ba ya ɗaguwa. In duka biyar ɗin ne, hannun gaba ɗaya a sake yake, yatsu ba motsi, ko an mintsini fatar jaririn ba ya kuka. A irin wannan a duba idon da ke ɓangaren. In fatar idon ta sauko kaɗan, ɗigon baƙin da ke tsakiyar ƙwayar idon kuma ya fi na ɗayan ƙanƙanta, alama ce mai ƙarfi cewa saiwar ƙasa ta tumɓuke daga laka. Augusta Klumpke ce ta haɗa wannan alama ta ido da raunin saiwoyin ƙasa a 1885, tana ɗalibar likitanci a Faris. Yaron da ke da wannan alama ba ya cikin waɗanda ake ce wa a je a jira.

Kafin a ce jijiya ce, akwai abubuwan da likita zai kawar. Karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ko ta ƙashin damtse tana sa jariri ya ƙi motsa hannu saboda zafi, kuma wani lokaci karayar da raunin jijiyar tare suke zuwa, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙashi. Hannun da ya fara motsi lafiya sannan bayan kwanaki ya daina, ga kumburi ko zazzaɓi ko kuka in an taɓa, wannan ƙwayoyin cuta ne ake zargi a gaɓa ko a ƙashi, kuma na gaggawa ne. A lura da numfashi ma, don jijiyar da ke motsa tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki maƙwabciyar saiwoyin sama ce, takan samu rauni tare da su.

Aikin da ke hannun iyaye

Kwanakin farko hutu ake ba hannun. Ana tallafe shi in za a ɗauki jaririn kada ya riƙa reto, ba a ɗaga yaro ta hannu ko ta hammata. Wajen sa riga a fara da hannun mai rauni, wajen cirewa a ƙare da shi. Ba targaɗe ba ne balle a ja ko a murɗa, kuma ɗaure shi tamau a jiki na makonni sandarar da gaɓoɓi kawai yake yi. Babu maganin sha ko na shafawa da ke haɗa jijiyar da ta tsinke.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu, ko a ɗan ƙara in akwai karaya, sai a fara motsa gaɓoɓin, kuma likitan gashin ƙashi ne zai nuna wa iyaye da hannunsa, ya tsaya ya ga sun yi a gabansa. A fahimci abu ɗaya tun daga nan: wannan motsa jiki ba ya sa jijiya ta yi saurin tsirowa. Amfaninsa shi ne ya ajiye gaɓoɓi a sake da tsokoki da tsawonsu, yadda ranar da jijiyar ta iso za ta tarar da hannun da zai iya motsawa. Jijiya ta dawo ta tarar da kafaɗa a sandare, an yi ba a yi ba.

Cikin duk motsin da ake koyarwa, akwai ɗaya da ya fi sauran muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi ba daidai ba. A kwantar da jaririn rigingine. A riƙe gwiwoyin hannunsa biyu a manne da haƙarƙarinsa, a lanƙwasa su yadda yatsu za su kalli sama, tafukan na fuskantar juna. Daga nan sai a buɗe hannuwan zuwa waje a hankali, gwiwoyin na nan a manne ba su bar jiki ba, har bayan hannuwan su doshi shimfiɗa. A tsaya a nan na ɗan lokaci, a dawo, a sake. Ana yi da hannu biyun tare don lafiyayyen ya zama ma'auni: in mai raunin ya fara tsayawa a hanya alhali ɗan'uwansa ya kai ƙasa, kafaɗar ta fara ɗaurewa, a koma asibiti kada a jira ranar da aka ba da. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gwiwar ta tashi daga jiki, sai a ga kamar hannun ya buɗe alhali allon kafaɗa ne ya zame, gaɓar ba ta motsa ba. Haka in za a ɗaga hannun sama, sai an dafe allon kafaɗar da ɗaya hannun. Sauran su ne miƙe gwiwa har ƙarshe, juya tafin hannu ya kalli sama, da motsa wuyan hannu da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ana so a yi sau da yawa a yini, kuma hanyar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce a haɗa shi da canjin kunzugu. Ba a yi da ƙarfi, ba a yi yaro na tsala kuka.

Me ya sa aka matsa wa wannan juyawa ta waje haka? Tsokokin da ke juya kafaɗa ciki manya ne, kuma suna samun saƙo har daga saiwoyin da galibi ba su ji rauni ba. Masu juya ta waje ƙanana ne, kacokan sun dogara da saiwoyin sama da suka lalace. Sai ɓangare ɗaya ya yi ta ja ba mai mayar masa. Ƙari a kan haka, tsokar da ta rasa jijiya ba ta tsawo daidai da ƙashin da ke girma a ƙarƙashinta. Gaɓar kafaɗar jariri kuwa guringuntsi ce mai laushi, yadda aka ajiye ta haka take ginuwa. In ta zauna a juye ciki wata da watanni, kan ƙashin damtse sai ya riƙa zamewa baya, gurbin da yake zama a ciki ya baje, har ta kai ya goce gaba ɗaya, wani lokaci tun yaro bai shekara ba. Abin ban haushin shi ne wannan na faruwa har ga yaran da jijiyarsu ta dawo da kyau, waɗanda aka sallama aka ce sun warke. Shi ya sa a cibiyoyi da dama ake yi wa kafaɗar sikanin a watannin farko. In an ga ta fara gocewa da wuri, akan yi wa tsokokin da suka fi ƙarfi allurar Botox su saki na 'yan watanni, a mayar da gaɓar gurbinta a sa filasta ko abin tallafi.

Lissafin watanni

Jijiyar da ta tsinke tana tsirowa kimanin milimita ɗaya a yini, wato wajen santimita 2 da rabi zuwa 3 a wata. Tsokar da ke jiran ta kuma ba ta jira har abada. In ta yi kamar wata 12 zuwa 18 ba saƙo, mahaɗar da ke tsakaninta da jijiya takan lalace, ita kanta ta shanye ta koma tabo da kitse, ko jijiyar ta iso daga baya ba abin da za ta tayar. To a lissafa: in za a yi aiki a wuya, sai an bar wa jijiyar isassun watannin da za ta yi tafiya daga wuyan zuwa damtse, balle zuwa yatsu, kafin wa'adin tsokar ya cika. Wannan ne dalilin da ya sa ake maganar tiyatar jijiya yaro na wata uku zuwa tara, lokacin da a idon iyaye bai ma isa a taɓa shi da wuƙa ba.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi ba na'ura ba ce, ido ne da dubawa a kai a kai. Gwajin lantarki na tsoka yakan nuna alamar sauƙi ga jarirai fiye da yadda abin yake a zahiri. Hoton MRI yana taimakawa wajen gano saiwar da ta tumɓuke, amma ba ya faɗin yadda hannun zai kasance. Abin da ake kallo shi ne ko yaro na iya lanƙwasa gwiwa ya ɗago hannu da ƙarfin kansa. Wanda ya fara yin haka cikin wata ɗaya zuwa biyu, galibi yakan warke sarai ko kusa da haka. Wanda ya cika wata ɗaya bai dawo daidai ba, ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2017 ta ce a tura shi cibiyar ƙwararru tun a lokacin. Ba wai don a yi masa aiki ba, don waɗanda za su yanke hukunci su san hannun tun da wuri, su ga ko gaba yake yi ko yana tsaye.

Robert Kennedy ya ɗinke irin wannan jijiya a Gilasgo tun 1903, amma daga baya aka yi watsi da aikin na shekaru masu yawa, don a wancan zamani haɗarinsa ya fi amfaninsa. Sai da aka samu yin tiyata a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zare mafi siranta daga gashin kai, aka dawo da shi. Alain Gilbert na Faris yana cikin waɗanda suka farfaɗo da shi, kuma a 1984 shi da abokin aikinsa Tassin suka kawo ma'aunin da ya shahara: in ƙwanjin da ke lanƙwasa gwiwa bai fara aiki ba a wata uku, a yi tiyata. Wasu suka ga wannan ya yi gaggawa, don akwai yaran da ƙwanjinsu ke dawowa a wata huɗu ko biyar su kuma samu hannu mai amfani. A asibitin yara na Toronto sai aka tsara dubawa mataki-mataki, na ƙarshe a wata tara. Gwajin mai sauƙi ne: a zaunar da yaro, a riƙe gwiwarsa a gefen jiki, a sa masa biskit a hannun mai rauni. In ya kai shi baki ba tare da ya sunkuyar da kai sosai ya tarbo shi ba, ya tsallake. In ya kasa, a yi maganar aiki.

Har yau ƙwararru ba su haɗu a kan wata ɗaya ba game da raunin saiwoyin sama, wasu uku, wasu shida, wasu har tara. Amma a kan yaron da hannunsa duka ya shanye, musamman mai alamar ido, bakinsu ɗaya ne: a yi da wuri, wajen wata uku, don yatsu ne suka fi nisa. A ganina saɓanin nan bai kamata ya ruɗa iyaye ba, tunda duka ɓangarorin a cikin shekarar farko suke magana. Tambayar da ta dace uba ko uwa su yi ita ce, "Likita, in ya kai wata nawa bai lanƙwasa gwiwar ba za a tura mu wurin masu aikin jijiya?" In amsar ta zo da adadin wata, ana kan hanya. In amsar ita ce a bari sai ya fara tafiya a gani, a nemi ra'ayin wani likitan.

Aikin kansa iri biyu ne, sau da yawa a haɗa su. Na farko dashe. A buɗe gefen wuya, a yanke ƙullin tabon, sai a samu giɓi tsakanin lafiyayyun bakuna biyu. A ciro wata siririyar jijiya ta ji daga bayan ƙafar yaron, a yayyanka ta a jera a cike giɓin. Wadda aka dasa ɗin ba ita ke aiki ba, hanya ce kawai da sabon zare zai bi. Abin da ƙafar ke rasawa shi ne ji a ɗan wuri a gefen sawu ta waje, tafiya ba ta taɓuwa. Na biyu aro, wanda ya zama dole in saiwar ta tumɓuke ba abin da za a ɗinka a kai. A ɗauki wata lafiyayyar jijiya da ke kusa, ko wani reshe nata, a karkatar da ita zuwa tsokar da ta fi buƙata. Akan ari reshen jijiyar da ke ɗaga kafaɗa zuwa kunne a ba tsokokin da ke juya kafaɗa waje. Akan ari jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari a ba ƙwanji. Akwai kuma dabarar da Christophe Oberlin ya bayyana a 1994, ta ɗaukar ɗan zare daga jijiyar da ke zuwa yatsu a haɗa da ta ƙwanji a cikin damtse, inda tafiyar gajeriya ce. Ƙwaƙwalwar jariri takan koyi amfani da sabuwar hanyar fiye da yadda ta babba ke yi.

Bayan aiki akan tsare hannu da wuya kimanin mako uku, sannan a koma motsa gaɓoɓi. A nan ne haƙurin iyaye ke shan gwaji, don watanni za su wuce ba a ga komai ba, wani lokaci ma ɗan motsin da ake da shi kafin aikin ya ragu na ɗan lokaci. Alamun farko sukan bayyana bayan kamar wata shida, ci gaban kuma ya ɗauki shekara biyu zuwa huɗu. Likitan kirki zai faɗa tun kafin a shiga cewa manufar ita ce hannu mai amfani, wanda zai kai baki, ya kai kai, ya riƙe abu ya taimaki ɗan'uwansa. Da wuya ya zama daidai da lafiyayyen.

In an makara fa? Yaron da aka kawo yana shekara uku ko bakwai lokacin gyaran jijiya a wuya ya wuce masa, amma ƙofa ba ta rufe ba, sai dai aikin ya koma kan tsoka da ƙashi. Irin waɗannan yara ana gane su wajen cin abinci: kafin hannu ya kai baki sai gwiwa ta tashi sama ta yi gefe, saboda kafaɗar ba ta juyawa waje. Akan saki tsokar da ta ɗaure ta gaban allon kafaɗa, a cire wata babbar tsokar baya daga mazauninta a mayar da ita inda za ta riƙa juya hannun waje. Tushen waɗannan ayyuka tsoho ne, tun na Sever a 1916 da L'Episcopo a 1934. In gaɓar ta riga ta lalace, akan yanke ƙashin damtse a juya shi a ɗaure da ƙarfe yadda hannun zai fuskanci inda ake aiki. Gwiwar da ta ƙi miƙewa akan bi ta da filasta ana canzawa a hankali. Wanda ba shi da ƙwanji sam, ana iya ɗauko tsoka daga cinya da jijiyoyinta a dasa masa, aiki ne babba da ba kowace cibiya ke yi ba.

Akwai abubuwan da ba tiyata ke gyara su ba. Yaron da fatar hannunsa ba ta ji yakan ƙone ko ya yanke bai sani ba, wasu ma in haƙora suka fito sukan ciji yatsunsu har su yi rauni, sai an sa ido. Wani kuma jijiyar ta dawo amma ƙwaƙwalwar ta saba da hannu ɗaya, sai ya manta da ɗayan kamar ba nasa ba. Maganin wannan wasa ne: a miƙa masa abu ta wannan ɓangaren, a ba shi ƙwallon da sai da hannu biyu ake ɗauka, a bar shi ya yi rarrafe ya dogara a kansa, in ya girma ya yi iyo. Hannun yakan ɗan fi ɗayan gajarta da siranta, gwargwadon tsananin raunin. Tarihi ya ajiye misalin yadda neman gyara ke iya zama azaba. Wilhelm na Biyu, sarkin Jamus na ƙarshe, an haife shi a 1859 ta ɗuwawu bayan naƙuda mai wuya, hannunsa na hagu ya shanye ya tashi ya fi na dama gajarta da kusan santimita 15. Yana yaro an yi ta jona masa lantarki, an ɗaure lafiyayyen hannun don a tilasta masa amfani da ɗayan, an sa shi cikin na'urar miƙe wuya, har cusa hannun aka riƙa yi cikin gawar zomon da aka yanka a lokacin. Hannun bai gyaru ba, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ɓoye shi a hotuna. Yaron da kullum ake yi wa kallon hannu yakan ji a jikinsa, kuma da ya kai shekarun da zai iya faɗin abin da yake so hannun ya yi masa, ra'ayinsa ya shiga lissafi kafin a sake kai shi ɗakin tiyata.

Sai batun ciki na gaba. Matar da kafaɗar jaririnta ta taɓa maƙalewa ta fi sauran mata haɗarin sake faruwar haka, don haka ta faɗa tun ranar farko ta awo, ko ba a tambaye ta ba. A gwada suga, in akwai a riƙe shi da kyau, don suga na sa kafaɗu da ƙirjin jariri su yi faɗi fiye da kansa. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce a duba yiwuwar ciro jariri ta tiyata in an ƙiyasta nauyinsa ya kai kilo 5, ko kilo 4 da rabi ga mai ciwon suga, ko da yake ƙiyasin sikanin yakan yi kuskure a ƙarshen ciki. In ɗan baya ya samu rauni mai ɗorewa, akan tattauna tiyata ko nauyin bai kai haka ba. Wadda za ta haihu da kanta kuwa ta haihu inda ma'aikata suka san abin yi in kafaɗa ta maƙale: a daina jan kai, a naɗe cinyoyin uwa zuwa cikinta sosai, wani ya danna mara daidai saman ƙashin gaba don kafaɗar ta zame, in bai yi ba a sa hannu a juya jaririn ko a fara fito da hannunsa na baya. A wani asibitin haihuwa da ke Biristol ta Ingila, inda aka wajabta wa ungozomomi da likitoci maimaita wannan atisaye a kan mutum-mutumi kowace shekara, adadin jariran da ke samun raunin jijiyar hannu ya ragu ƙwarai.